Daji ma yana da haƙƙi a cikin littattafanmu

Duk wanda ya saba da labarunmu na Hausa ya san matsayin da muka ba daji. Wuri ne na dodanni da aljannu, ko kuwa hanya ce da jarumi yake ratsawa ya komo gida da dukiya. Ba kasafai ake tambaya ba ko dajin nan yana da rai, ko kuwa yana iya ƙarewa.

Wasu marubutan Afirka sun fara gyara wannan kuskure. Ibrahim al-Koni, Buzu ne ɗan ƙasar Libiya, ya wallafa “Nazif al-Hajar” da Larabci a 1990. Labarin wani makiyayi ne mai suna Asuf, wanda maharba masu mota da bindiga suka tarar bayan sun gama da bareyi. Suka matsa masa ya nuna masu maɓoyar ragon dutse, ya ƙi, suka kashe shi. Haka kuma Helon Habila na Nijeriya, a cikin “Oil on Water” na 2010, ya kai mai karatu ƙauyukan masunta da man fetur ya lalata masu ruwa. Darasinsu guda ne: ranar da aka wulakanta ƙasa, talakan da ke kanta shi ake wulakantawa tare da ita.

Mutumin Cirozerin ba ya bukatar tafinta kafin ya gane waɗannan littattafai. Ya san farin 1973 da na 1984, da yadda suka share garkunan raƙuma da awaki. A 1973 ɗin ne mota ta kayar da itacen Tenere, wanda ya daɗe yana nuna wa ayarin gishiri hanyar Bilma. Gangar jikinsa aka kai gidan tarihi na Yamai. A 1988 hukuma ta keɓe gandun Abzin da Tenere, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1991, shekara guda bayan haka ta ce yana cikin haɗari. Jiminar da kakanni suka sani a kwaruruwan Abzin ta zama labari.

Ba mu raina ci gaba ba. Kamfanin SONICHAR, da aka kafa a 1975, ya haƙo gawayin dutse a Anu Araren, ya ba Agadas da ma'adinan Arlit wutar lantarki, ya kuma ba iyalai masu yawa abinci. Amma rahoton ofis ton da kuɗi yake lissafawa. Ba ya faɗin abin da mai lambu yake ji in rijiyarsa ta yi ƙasa, ko makiyayi in aka sare aduwar da yake sha wa inuwa. Wannan aikin mai alƙalami ne.

Saboda haka muna kira ga waɗanda suka sami takardar yaƙi da jahilci: ku zauna da dattawa, ku rubuta sunayen itatuwa, da rijiyoyi, da namun dajin da suka gani da idonsu, da Hausa ko da Tamajak. Ma'aikatan hukuma kuwa, su taimaka a buga waɗannan rubuce-rubuce, a karanta su a makarantu da gidajen rediyo.

Abin da ba a ambata ba, ba a kukan rashinsa. Tun ran gini, ran zane.