Mai Zafin Kai A Teburin Karta

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun da sauran garuruwan Kurmi, karta dai ta bar gindin bishiya ta shige cikin waya. Hukuncin caca malamai sun riga sun faɗa. Amma a nan Abuja na ga samari suna buga foka ta intanet, irin mai ƙayyadadden zubi, da 'yan kuɗi kaɗan. Kukansu ɗaya ne: kullum akwai wani mai zafin kai da ke ƙara kuɗi ko da hannunsa fanko.

A ganina shi ne abokin karawa mafi sauƙi. A wannan wasa ba ya iya jibga maka duk kuɗinsa lokaci guda. Galibi zubi ba ya wuce 4 a zagaye, kuma sai a zagaye biyun ƙarshe ake ninka shi. To, in katinka da ƙarfi, bi shi har a buɗe. Kada ka yi masa burga, ba ya gudu. Zauna hagunsa, ya riga ka motsi. Abin da ke tsiyata yaran nan fushi ne: an cinye mutum sau biyu, sai ya shiga ramuwa da kowane kati, da kuɗin da ake jira a gida.

Ga mai gidan caca yana yankar kasonsa, a ƙaramin tebur kuwa kason nan na ciwo. Kuma tun 2024 Kotun Ƙoli ta ce dokar caca ta tarayya, ta 2005, a Abuja kaɗai take aiki. Wanda aka cuta a Ikko sai ya nemi hukumar jiha, in ma kamfanin yana da rajista a ƙasar nan.