Kafin mu zuba kuɗin asusu a sola

Ƙungiyoyi da dama nan Kurfai suna shawarar sayen sola don sana'ar cajin salula. Dubara ce mai kyau, amma fa kuɗin zubi ne, kada a yi garaje.

Kayan huɗu ne: faranti, regilatar mai kafar USB, batir mai volt 12, sai fiyus. Wani zai ce a bar regilatar don a rage kuɗi. Kada ku yarda! In rana ta take, farantin yana ba da kusan volt 18. Aka haɗa shi da batir kai tsaye, dahuwa batirin zai yi, ya mutu ba a maida uwar kuɗi ba.

Wajen haɗi, batir ake fara ɗaurawa ga regilatar, sannan faranti. Jar waya ga alamar +, baƙa ga −, fiyus kuma bisa jar waya, dab da batir. Faranti ya dubi kudu, a riƙa share mishi ƙura, balle da hunturu.

Ga lissafi: faranti mai wat 50, rana mai ƙarfi awa 5, wat-awa 250 ke nan. Babbar salula tana shan kamar 15. In an cire abin da ke ɓacewa a hanya, ku sa ran salula 12 a wuni, ba 30 ba. Da wannan za ku auna ribar.

Ranar haɗi kuma, ku kira yaran nan masu kwance tsohuwar rediyo da tocila, har da ɗiyanmu mata, su gani da idonsu. Gobe su ne masu gyara mana.

Sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.