Rodin da Ya Fi Ƙarfi Ba Koyaushe Ne Ya Fi Dacewa Ba

A makon jiya wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu yake sa ido kan aikin shimfiɗa kankare a wata tashar manyan motoci, ya kira ni da daddare. Ya ce, “Dakta, zanen aiki ya ce a sa rodi mai santsi, R25, a mahaɗar kankare. Ɗan kwangila ya ce ya yi wuya a kasuwa, ya kawo Y20. Ya ce ai wannan ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma gobe da asuba za a zuba kankare. In sa hannu?” Na ce masa kada ya sa. Ga dalilina, domin tun da Ministan Ayyuka David Umahi ya hau kujera a 2023 yake kambama titunan kankare, wannan tambaya za ta riƙa dawowa.

Kankare yana motsi. Idan rana ta buɗe yakan miƙe, idan sanyin dare ya sauka yakan tsuke. Falle mai tsawon mita 5 yana iya motsawa kimanin milimita 1 idan zafi ya sauya da digiri 20. Ƙanƙanin abu ne a ido, amma idan aka hana shi, kankaren zai tsage a inda ya ga dama. Shi ya sa ake raba shimfiɗar falle-falle, a bar mahaɗa tsakani. Sai dai idan tayar tirela ta zo bakin mahaɗa, falle ɗaya ne zai ɗauki nauyin shi kaɗai, ya nutse, maƙwabcinsa yana sama. Maganin wannan shi ne gajerun rodi da ake jerawa su ratsa mahaɗar, galibi tsawonsu milimita 450, tazararsu 300. Aikinsu biyu ne: su raba nauyi tsakanin fallayen biyu, kuma su bar su su matso ko su ja baya. Don haka dole rodin ya zama sumul, a shafe aƙalla rabinsa da mai ko kwalta don kada siminti ya kama shi.

To, ina gaskiyar ɗan kwangila? A tsohuwar ƙa’idar Birtaniya ta BS 4449, wadda injiniyoyinmu da yawa suka taso a kanta, rodin da muke kira R yana jure niwton 250 a kan kowane murabba’in milimita kafin ya lanƙwashe har abada, na Y kuwa 460. A nan bai yi ƙarya ba. Abin da bai sani ba, ko ya ƙi faɗa, shi ne wannan lamba iyakar da ƙarfe zai sallama kawai take nunawa. Kafin a kai wannan iyaka, rodi biyu masu kauri ɗaya suna tanƙwarawa daidai wa daida a ƙarƙashin nauyi ɗaya, ko na R ne ko na Y. A mahaɗa kuma ba kasafai ƙarfe yake kaiwa iyakarsa ba. Kankaren da ke kewaye da shi ne yake fara daƙuwa, ramin ya faɗaɗa, rodin ya soma wasa a ciki. Abin da ke kare kankaren shi ne kaurin rodi, ba darajar ƙarfensa ba.

Saboda haka musayar da aka kawo wa ɗalibina tana da aibi biyu. Na farko, an rage kauri. Turjiyar rodi ga tanƙwarawa tana bin kaurinsa ne ninki huɗu a lissafi, wato daga milimita 25 zuwa 20 abin da ya rage kusan kashi 41 cikin 100 ne kawai. Na biyu, wanda ya fi muni, rodin Y a kasuwanninmu mai zane ne a jiki, an ƙera shi musamman don ya riƙe siminti gam. Idan aka sa shi a mahaɗa, an ɗaure fallayen wuri ɗaya. Damina ɗaya, bazara ɗaya, sai tsaga ta bayyana daf da mahaɗar, ruwa ya shiga, ƙasar ƙarƙashi ta yi laushi, gefen falle ya soma ɓantarewa. A lokacin an daɗe da biyan ɗan kwangila.

Ban ce duk musaya haramun ba ce. Da a ce rodi mai santsi ya kawo, kaurinsa milimita 25, sai dai darajar ƙarfensa ta ɗara abin da aka rubuta, da ban ga abin fargaba ba. Ko a hakan ma akwai hanya: a nemi takardar gwaji daga masana’anta, a auna kaurin da ma’auni maimakon dogaro da bakin mai shago, sannan injiniyan da ya zana aikin ya amince a rubuce. Mai sa ido ba shi da hurumin sauya zane ta wayar tarho, haka ma malaminsa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda kalmar “ya fi ƙarfi” take rufe bakin kowa a wurin gini. Mai aiki yakan ji ta ya saki jiki, yana ganin ya ci riba. Hukumar COREN da sassan injiniyanci na jami’o’inmu, har da nawa, muna da laifi a ciki, domin mun yaye ɗalibai da suka haddace lambobi ba tare da sun saba tambayar mene ne aikin ƙarfen a wurin da aka sa shi ba. Tun ran gini tun ran zane: abin da aka binne cikin kankare ba ya gyaruwa sai da rushewa.

Ɗalibin nawa ya dakatar da zubin kwana uku, ya sha baƙar magana, har aka ce masa yaro ne bai san aiki ba. A rana ta huɗu rodin da aka ce babu a kasuwa ya iso cikin mota.