RA'AYINMU: Daga Tashar Na'ibawa Ma Ana Buɗe Ido

Duk sa'ad da dogon hutu ya gabato, hirar ɗalibai takan koma kan hotunan da suke gani a wayoyinsu, watau na samarin Turai biyu da suka saɓa jaka suka yi kwana biyar a Firag ko Lisbon, suka kwana a masauki mai araha, suka komo suna cewa ba su kashe wani abin kirki ba. Daga nan sai a yi tsaki, a ce mu kam Allah bai nufe mu da wannan ba. Mu a wannan mujalla muna ganin an ɗauki darasin a baibai.

Gaskiya ne hutun Turai ya fi ƙarfin yawancinmu. A watan Yuni 2024 kuɗin takardar izinin shiga ƙasashen Shengen ya tashi daga Yuro 80 zuwa 90, kuma ba a mayar wa wanda aka hana. A canjin wannan shekarar, kuɗin nan kaɗai ya kai wajen ninki biyu na albashi mafi ƙanƙanta, watau Naira 70,000, tun ba a zo maganar jirgi da masauki ba. Fatar da ake jemewa a masana'antun Challawa takan isa Italiya ba tare da an tambaye ta takardar banki ba, amma leburan da ya jeme ta ba shi da wannan gata. To, daidai ruwa daidai tsaki.

Abin tambaya shi ne, me ya sa yawon buɗe ido ya yi wa ɗalibin Turai sauƙi? Tanadi aka yi masa. A shekarar 1909 ruwan sama ya rutsa da wani malamin makaranta Bajamushe, Richard Schirrmann, tare da ɗalibansa a kan hanya, suka fake a wata makaranta. Nan ya yi tunanin cewa azuzuwan da ke zaune fayau lokacin hutu za su iya zama masaukin yara matafiya. Daga wannan tunani aka sami masaukan matasa da suka bazu a duniya. A 1972 kuma hukumomin jiragen ƙasa na Turai suka fito da tikitin Interrail, wanda ya ba matashi damar zaga ƙasashe 21 cikin wata guda da tikiti ɗaya. Gado mai araha da hanya mai araha, su ne asirin.

Wannan tanadi kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro sun dogara ne ga zango da fatoma, mai sauke baƙo, ya adana masa kaya, ya nuna masa gari. Almajiri kuma yakan tashi daga Kano har Gabas, ba ya rasa zauren da zai shimfiɗa buzunsa. Mu ne, 'yan boko, muka saki wannan al'ada, ba mu kuwa kama ta Turawan ba.

Ku dubi tashar Na'ibawa da ke kan titin Zariya, inda ma'aikatan Sharada da Challawa ke giftawa safe da yamma. Abokai biyu da suka haɗa kuɗi, suka tsaya kasuwar 'Yan Lemo suka yi guzuri, in sun shiga mota da hantsi za su yi azahar a Zariya. Can ga ganuwa da Ƙofar Doka, ga fadar Sarkin Zazzau, ga tsohuwar majami'ar ƙasa ta Wusasa, ga garin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Ta wata hanyar kuma ga Hasumiyar Gobarau a Katsina, da rijiyar Kusugu a Daura. A ƙetaren iyaka ga Damagaram, wadda ita ce hedikwatar Nijar har 1926, da unguwarta ta Birni. Ɗalibi nawa ne a cikinmu ya amsa tambaya a kan waɗannan wurare a jarrabawa alhali bai taɓa sa su a ido ba? Kada kuma a ɗauka za su yi ta jiranmu. A watan Agusta 2023 wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu na ƙarni na 19, ya rufta har aka rasa rayuka. Wanda ya yi ta cewa sai baɗi, abin da ya faɗi ba zai gan shi ba.

Ba mu manta da matsaloli ba. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo. Akwai hanyoyin da 'yan bindiga suka hana mutane sakewa, ba kuwa za mu ce wa kowa ya bi su ba. Nijar ta fita daga ƙungiyar ECOWAS a Janairu 2025, saboda haka mai niyyar ƙetarawa sai ya bincika halin da iyaka ke ciki, ya kuma riƙe takardunsa. Amma waɗannan matsaloli su ne ma hujjarmu: abin da ya gagari mutum biyu, ƙungiya mai dubban mambobi ba zai gagare ta ba.

Saboda haka muna kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta yi abu uku. Na farko, ta tuntuɓi takwarorinta na Jami'ar Ahmadu Bello, da ta Usmanu Ɗanfodiyo, da ta Umaru Musa 'Yar'aduwa, da ta André Salifou a Damagaram, a roƙi hukumomi su ware wasu ɗakunan kwana lokacin hutu, maza daban mata daban, inda mai katin shaidar ɗalibi zai kwana da kuɗi kaɗan. Na biyu, ta zauna da shugabannin direbobi na Na'ibawa a nemi rangwame ga ɗalibai masu tafiya da rana a ƙungiyance. Na uku, ta buga ɗan littafin jagora da Hausa, wanda ɗaliban kowane gari za su rubuta babin garinsu. Ƙananan ma'aikatan gwamnati da na kamfanonin Bompai su ma za su amfana da shi ranar da suka karɓi kuɗin hutu.

Wanda Allah ya hore masa zuwa Firag, muna yi masa fatan sauka lafiya, mu dai roƙonmu ya san amsar da zai bayar in Bature ya tambaye shi labarin Gobarau. Ga zaɓen ƙungiya yana tafe. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arku, ku tambaye shi inda ya tsaya a kan wannan magana. Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya.

Edita