Me ya sa hawan tirela ke ci gaba da cin rayuka?

A ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da ke gabashin jihar Kano, ba baƙon abu ba ne a ga fasinjoji zaune a saman buhunan hatsi ko tsakanin shanu a bayan babbar mota, musamman ranar Juma'a da kasuwar Wudil ke ci.

Tuƙin irin wannan mota ya sha bamban da na ƙarama. Idan aka yi mata lodi mai tsawo, nauyinta kan koma sama, ta yadda kwana ɗaya da gudu kan iya kifar da ita. Haka kuma tana buƙatar tazara mai yawa kafin birki ya tsayar da ita.

Hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta haramta haɗa mutane da kaya, kuma tun 2017 ta tilasta sanya na'urar taƙaita gudu a motocin haya.

Sai dai tun bayan janye tallafin man fetur a 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, abin da ke tura talakawa hawa tirela saboda arha.

Muddin ba a samar wa mazauna karkara motocin fasinja masu sauƙin kuɗi ba, da wuya doka kaɗai ta sauko da su.