Gas ɗin AC ba ya ƙarewa haka kawai

Wani ɗan'uwanmu ya sayi mota 'yar Beljiyam a filin motoci na bakin tashar jirgin ruwa ta Lome, ya nufi Yamai da ita. A Lome AC tana sanyi har sai ka rage ta. Kafin ya kai Sinkase, kan iyakar Togo da Burkina, zafi take busawa. Da ya bugo wa dillalin waya, amsa ɗaya ya samu: "Alhaji, gas ne ya ƙare, a ƙara."

Wannan amsa ce ta ɓata mini rai. Gas ɗin AC ba fetur ba ne, inji ba ya ƙona shi. Zagayawa yake a bututu rufaffe. In ya zube cikin kwana biyu, akwai huda. Motar da ta taso daga Anbas ta Beljiyam, ta sha gishirin titunan Turai, ta zauna wata da watanni a iskar tekun nan, kwandansarta da ke gaban lagireto ta ciwu, robobin mahaɗa sun bushe. Dillali ya sani. Sai ya sa a ɗura mata gwangwani ɗaya da safe, ya sayar da rana.

Gano yoyon kuma ba tsafi ba ne. A duba inda mai ya jiƙe ya kama ƙura, domin man kwamfureso tare da gas yake fita. A matsa naitirojin a shafa kumfar sabulu, ko a zuba kalar da fitilar UV ke nunawa. A zuƙe iska, a sa ido ko allurar geji za ta koma. Masu gyara na cewa mai mota ba ya son biyan kuɗin bincike. To, ya fi son sayen sabon kwamfureso idan wancan ya ƙone don rashin mai?

Abin ya wuce nan. Tun 2017 sababbin motocin Turai sun bar gas ɗin R134a, mafi yawa sun koma R1234yf, amma a nan duk abin da ke hannu ake ɗurawa. Mai zuba gas ɗin girki a motar da za ta ɗauki iyali, rayuka yake wasa da su.

Tun da aka tashe mu daga tsohon Zangon Lome a 1977 aka kai mu unguwar Agwe, amana ce ta riƙe mana kasuwa. Mutanen Nijar da Burkina hannunmu suke biyowa su sayi mota. Shugabannin dillalai su wajabta gwajin yoyo kafin a karɓi kuɗin kowa, wanda ya ƙi kuma a kore shi daga filin.