Wanda Ya Kashe Fitila Ya San Abin Da Zai Yi A Duhu

Ya ɗan'uwa mai zaɓe, ya 'yar'uwa, a nan Rufa'a da ƙauyukanmu na Jazira, da Mai Wurno, da Damazin da Rusairis har zuwa kan iyakar Habasha.

Aikina a jam'iyya fassara ne. Takardar da aka rubuta da Larabci a Hartum nake mayarwa Hausa, domin dattijon da ke gona da uwar da ke cikin gida su ji abin da ake faɗa da sunansu. Yau kam maganar tawa ce, kuma tambaya ɗaya na zo da ita. Wa yake da ikon kashe maka waya, kuma me ake aikatawa a lokacin da take kashe?

Ka tuna ranar 28 ga Fabrairu 2023. A Shargan Nil, wajen Hartum, wani jami'in 'yan sanda ya ɗaga bindiga ya harbi wani matashi mai zanga-zanga, Ibrahim Majzub, ya faɗi ya rasu. Likitoci sun ƙirga shi a matsayin mutum na 125 da aka kashe a titi tun juyin mulkin 25 ga Oktoba 2021. Amma a wannan karon wani yana riƙe da waya, kuma shabaka tana aiki. Kafin gari ya waye bidiyon ya zaga ƙasa, har mu a nan mun gani. Hukumar 'yan sanda ta fito ta amsa cewa jami'inta ne, ta ce ya saɓa umarni. Aka cire masa kariya, aka miƙa shi ga masu gabatar da ƙara.

Yanzu ka koma baya zuwa 17 ga Nuwamba 2021. A ranar, intanet ta yi fiye da mako uku a yanke, sannan aka haɗa da layukan kira, ko gaisuwa ba ka iya yi. Likitoci suka ce an kashe aƙalla mutum 15, yawancinsu a Bahri. Washegari shugabannin 'yan sanda suka zauna gaban 'yan jarida suka ce mutum ɗaya kawai suka san ya mutu, kuma su ba su harba harsashi ba. Iyaye suna binne 'ya'yansu, hukuma tana cewa ba a yi ba.

Bindiga iri ɗaya ce, kaki iri ɗaya ne. Abin da ya raba ranakun nan biyu shi ne ido. Ranar da mutane suka iya gani suka nuna wa duniya, an sami mai laifi cikin kwana ɗaya. Ranar da aka rufe idon, sai aka ce mu ne ba mu iya ƙirga gawa ba.

Wannan ɗabi'a ta daɗe. A Satumba 2013, da gwamnatin Bashir ta cire tallafin mai, daga Madani aka fara fita, nan kusa da mu. Ranar 25 ga watan aka yanke intanet a ƙasa baki ɗaya. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suka ce an kashe kusan mutum 200, gwamnati ta ce wajen 80. Ranar 3 ga Yuni 2019, a ƙarshen Ramadan, aka tarwatsa zaman dirshan na gaban hedikwatar soja. Likitoci suka ce fiye da mutum 100 aka kashe, wasu daga cikin kogi aka tsamo su. Nan ma aka yanke intanet, ta yi fiye da wata guda, kakakin majalisar soja yana cewa barazana ce ga tsaron ƙasa. Ranar 9 ga Yuli da ta dawo, sai hotunan da mutane suka ɓoye a wayoyinsu suka yi ta fitowa, kowa ya ga abin da ake son ɓoyewa. An kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin lauya Nabil Adib a Oktoba 2019. Shekaru sun shuɗe, iyayen yaran suna jiran rahoto.

To su wa suke danna makunnin? Kamfanonin da muke saya wa kati ne: Zain, da MTN, da Sudani. A 2019 wani lauya, Abdul'azim Hasan, ya kai Zain ƙara, kotu ta ce a mayar da intanet. Aka mayar wa layinsa shi kaɗai, sauran jama'a suka ci gaba da zama a duhu har sai da ya sake komawa kotu. A 2021 Ƙungiyar Kare Haƙƙin Masu Saye ta kai ƙara, ranar 9 ga Nuwamba kotu a Hartum ta umarci kamfanonin uku su buɗe. Ba su buɗe ba. Hukumar sadarwa ta fake da dokar ta-ɓaci. Sai ranar 18 ga watan aka buɗe, kwana ɗaya bayan kisan Bahri. Ka lissafa da kanka: da an bi umarnin alƙali ranar 9, da ranar 17 ta zo ido a buɗe. Ƙungiyar da ta kai ƙarar kuwa, a Oktoba 2022 aka soke mata rajista.

Kamfanonin za su ce an tilasta musu, lasisinsu yana hannun hukuma. Akwai gaskiya a ciki, ma'aikacin da soja ya tsaya a kansa ba shi da zaɓi mai yawa. Amma idan umarnin soja ya fi na alƙali ƙarfi a wurin kamfani, to kotu ta zama ado. Kuma kuɗin da ka zuba a waya babu wanda ya tambaye ka kafin a hana ka amfaninsa. A wancan watan na Nuwamba, ƙanena da ke aiki a Saudiyya ya yi ta ƙoƙarin turo kuɗin maganin mahaifiyarmu, abin ya gagara. Sai da na bi maƙwabta ina rance. Na san kai ma kana da irin wannan labari: mai albasa da bai san farashin kasuwa ba, ɗalibar da ta rasa darasi, matar da ba ta ji muryar mijinta ba mako uku.

Duhu na biyu yana cikin doka. Shi ne abin da ake ce wa hasana da Larabci, wato kariya. A dokar 'yan sanda ta 2008, ba a gurfanar da ɗan sanda kan abin da ya yi a bakin aiki sai ministan cikin gida ko wakilinsa ya ba da izini. Ma'ana, idan ɗan sanda ya zalunce ka, sai ka je ka roƙi ubangidansa ya yarda a yi masa shari'a. Bayan juyin mulki, a Disamba 2021, Burhan ya sa hannu a kan umarnin da ya mayar wa jami'an leƙen asiri ikon kama mutane, ya kuma ba su kariya. Amma mun taɓa ganin abin da ke faruwa idan aka ɗage kariyar. Malam Ahmad al-Hair, malamin makaranta a Hashmul Girba, ya rasu a hannun jami'an tsaro a farkon Fabrairu 2019. Da farko aka ce gubar abinci ce. Jama'a suka ƙi yin shiru, bincike ya nuna azaba ce ta kashe shi, kuma ranar 30 ga Disamba 2019 kotu a Umdurman ta yanke wa jami'ai 29 hukuncin kisa. Ashe ana iyawa.

Kada wani ya ce muna gaba da 'yan sanda. 'Ya'yanmu ne da ƙannenmu, da yawansu albashinsu ba ya kai su tsakiyar wata. Ɗan sanda na kirki shi ya fi kowa cutuwa da kariyar nan, domin wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma idan ba a fitar da mai laifi ba, duk mai kaki ake zargi.

Na san abin da wasunku za su ce, domin an faɗa mini a gaban masallaci. Za ku ce: wannan Facebook da kake karewa, ba da ita aka hura wutar Nilul Azrak ba? Gaskiya ne, kuma ba zan kauce wa maganar ba. A Yuli 2022, da rikici ya tashi kan batun sarautar gargajiya da ƙasa, mun ga rubuce-rubucen da ke kiran Hausawa baƙi, mutanen da kakanninsu suka fi shekara 100 suna noma a bakin kogin nan. Mun ga masu kiran a kore mu. A cikin namu ma akwai waɗanda suka rubuta abin da bai kamata Musulmi ya rubuta a kan maƙwabcinsa ba. An kashe fiye da mutum 100 a Yuli, sannan a Oktoba aka kashe wajen 200 a Wad al-Mahi cikin kwana biyu. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga mutum 359 da suka mutu daga Yuli zuwa ƙarshen Oktoba, da fiye da 97,000 da suka bar gidajensu. Mamatan daga kowane ɓangare suke, kuma kowace uwa hawayenta ɗaya ne.

Amma ka yi tunani. Da wace hanya duniya ta ji abin da ya faru a Rusairis da Wad al-Mahi? Da waya. Da wace hanya Hausawan Kasala da Gadarif da Madani da Hartum suka san su fito a watan Yuli su ce a daina? Da waya. A Hartum da bumban aka tarbe su. Idan ka ba hukuma ikon kashe shabaka duk lokacin da ta ga dama, ba ranar da ake zagin ka za ta kashe ba, sai ranar da kai kake kuka. Ba a ƙona rumbu don a kashe ɓera.

Maganin mai ingiza kisa shi ne kotu, da kuma tilasta wa kamfanin ya yi aikinsa. Facebook da kanta ta amsa a 2018 cewa ba ta yi abin da ya kamata ba wajen hana a yi amfani da ita a ingiza tashin hankali a Myanmar, inda aka yi wa Musulmin Rohingya kisan gilla. Takardun da tsohuwar ma'aikaciyarta Frances Haugen ta fitar a 2021 sun nuna kashi 87 cikin 100 na aikin tantance labaran ƙarya Amurka aka ware wa, sauran duniya duka ta raba 13. Nan maƙwabtanmu Habasha, an kashe wani malamin jami'a, Farfesa Meareg Amare, a Bahir Dar a Nuwamba 2021, bayan an yaɗa sunansa da hotonsa a Facebook ana zargin sa. A Disamba 2022 ɗansa ya kai kamfanin ƙara a kotun Kenya. Kamfanin da ke cin riba da idonmu wajibi ne ya ajiye isassun mutane masu jin Larabcin Sudan da Hausa da sauran harsunanmu, waɗanda za su gane habaicin da ke nufin a je a ƙona ƙauye.

Muna da dokar laifukan intanet ta 2018, wadda aka ƙara wa tsawon ɗauri a 2020. A shekarar ce soja suka sanar cewa sun naɗa jami'i na musamman da zai riƙa kai ƙarar masu zagin soja a intanet. Ka tambayi kanka: masu sukar hukuma nawa ka ji an kira, kuma masu kiran a kashe maƙwabta nawa ka ji an hukunta? Doka tana da haƙori, sai dai an zaɓa mata wanda za ta ciza.

'Yan'uwanmu na yamma sun nuna mana akwai hanya. Kotun ƙungiyar ECOWAS ta yanke a 2020 cewa yanke intanet da Togo ta yi a 2017 ya saɓa wa doka. A 2022 ta faɗi haka kan rufe Twitter da gwamnatin Nijeriya ta yi na wata bakwai. Abin da alƙali ya iya faɗa wa Abuja, alƙalinmu ma yana iya faɗa wa Hartum, idan an bar shi.

Yarjejeniyar da aka sa wa hannu ranar 5 ga Disamba 2022 ta yi alkawarin zaɓe bayan riƙon ƙwarya na shekara biyu. Masu neman ƙuri'a za su zo, da motoci da buhunan sukari. Ka karɓe su da mutunci, ka ba su shayi, sannan ka yi musu tambayoyi huɗu. Za ka soke kariyar da ke hana a gurfanar da jami'in da ya yi kisa ko azabtarwa, ta yadda mai ƙara zai je kotu kai tsaye? Za ka kafa dokar da ta hana yanke intanet da layin waya sai da rubutaccen hukuncin alƙali, kuma kamfanin da ya yanke ya biya mutane asararsu? Za ka gyara dokar laifukan intanet ta daina bin mai sukar hukuma, ta koma kan mai ingiza kisa, ko daga wace ƙabila yake? Za ka fitar da rahoton 3 ga Yuni, da cikakken binciken Nilul Azrak, a karanta sunaye a fili?

Waɗannan huɗun su muka tsaya a kai, kuma ɗan takararmu ma kada ka ɗaga masa ƙafa. Ka sa shi ya amsa a gaban jama'a, ka ɗauki amsar a wayarka, ka ajiye. Wanda ya fara kame-kame, ka san inda ya dosa tun kafin ya hau kujera.

Ke kuma 'yar'uwa, wannan takarda taki ce kamar yadda take tasa. Ke kika san daren da kika kwana ba barci saboda wayar ɗanki ba ta shiga. Idan an buɗe rajista ki yi, ki ja maƙwabciyarki ku tafi tare. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, a majalisa da gona da wajen biki.

Allah ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya mayar da masu gudun hijira gidajensu lafiya, ya ba ƙasarmu Sudan shugabannin da ba sa tsoron a gan su.